A ina za a ajiye sabar DNS: a cibiyar Maraɗi ko a cikin reshe?

Kamfanin da ke da cibiyarsa a Maraɗi, yana kuma da rassa a Tasawa da Dakoro da Ɗan Isa, wataƙila har da Damagaram, yakan kai matakin da ba zai yiwu a ci gaba da rubuta lambobin sabobi, wato kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima, a takarda ana liƙawa a jikin kwamfutoci ba. A lokacin ne ake kafa sabar DNS ta cikin gida, wato na'urar da ke karɓar suna irin lissafi.kamfani.internal ta mayar da adireshi irin 10.10.0.5, kuma a lokacin ne tambaya mai wuya take tasowa: a ina za a ajiye ta, kuma wa kwamfutocin reshe za su riƙa tambaya? Na ga ana yanke wannan shawara da duba farashin na'ura kawai, na kuma ga ana kwaikwayon tsarin kamfanonin ƙasashen da layinsu da wutarsu ba sa yankewa. A ganina ma'aunin da ya dace da mu shi ne wannan: me reshe yake bukatar ya ci gaba da yi a sa'o'in da hanyarsa zuwa Maraɗi ta katse, ko kuma wuta ta ɗauke ta dawo?

Kafin a kwatanta hanyoyin, wajibi ne a raba ayyuka biyu da ake yawan haɗawa a ƙarƙashin suna ɗaya. Tun da Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983, aka kuma daidaita shi a 1987 a takardun ƙa'idojin intanet da ake kira RFC, masu lamba 1034 da 1035, akwai sabar da ke riƙe da kundin sunaye, wadda amsarta ita ce ta ƙarshe game da sunayen da ke cikin kundin, akwai kuma sabar da ba ta mallaki komai ba, aikinta ta bi sawun tambaya har ta samo amsa, ta riƙe ta na ɗan lokaci don mai tambaya na gaba. Tsawon wannan lokaci mai kundin ne yake ƙayyade shi, da adadin daƙiƙoƙin da ake kira TTL. Na'ura ɗaya tana iya yin ayyukan biyu, kuma sabar Windows ta cibiya galibi haka take yi, amma a reshe bambancin nan shi ne dukan maganar: mai kundi yana amsawa ko da an yanke shi daga duniya, mai bin sawu kuwa iyakar saninsa abin da ya tuna.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye sabobi biyu a cibiya, a sa kowace kwamfutar reshe ta tambaye su ta hanyar VPN, wato keɓaɓɓiyar hanyar da ke haɗa reshe da cibiya ta cikin intanet. Ba a sayen komai don reshe, ba a tura kowa ya je gyara, kundi ɗaya ne a wuri ɗaya, kuma duk abin da aka canza ya canzu ga kowa nan take. Ga reshen da ke da kwamfuta uku ko huɗu, wanda kuma dukan aikinsa a kan manhajar da ke cibiya yake, wannan tsari ba abin raini ba ne, domin idan layi ya yanke, sanin adireshin sabar lissafi ba zai amfani kowa ba tun da sabar kanta ba ta samuwa. Illarsa ita ce yana ɗaure abin da bai kamata a ɗaure ba. Idan VPN ya faɗi alhali intanet na reshen lafiya lau yake, ma'aikata ba za su iya buɗe wasiƙun imel ko shafin banki ba, saboda ko sunan shafin waje sai an tambayo Maraɗi. Haka ma idan wutar cibiya ce ta ɗauke, batir ya ƙare kafin a tada janareto: dukan rassa sun makance a lokaci ɗaya. Wanda ya yi aiki a garin nan bayan da Nijeriya ta katse wutar da take ba Nijar a watan Agustan 2023 ya san cewa wannan ba zato ba ne. Akwai kuma nauyin jira. Inda reshe yake kan tauraron ɗan Adam na tsohon salo, wanda ke tsaye a nisan kusan kilomita 36,000, zuwa da dawowar saƙo ɗaya yana cin kusan kashi shida cikin goma na daƙiƙa, shafi ɗaya kuwa yana iya bukatar sunaye goma ko fiye.

A nan ne mutane da yawa suke faɗawa wani rami, kuma ina so in daɗe a kansa saboda ya fi kowane kuskure yawa. Don gudun makantar da na ambata, sai a sa sabar cibiya a gurbin farko na saitin DNS na kwamfutar reshe, a sa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare a gurbi na biyu, da tunanin cewa idan na farko bai san amsa ba za a tambayi na biyu, idan na biyu bai sani ba za a koma kan na farko. Tsarin ba haka yake aiki ba. Kwamfuta tana tsallakawa zuwa gurbi na biyu ne idan na farko ya yi shiru, kuma shirun kusan daƙiƙa ɗaya ya isa. Sabar waje kuwa ba ta yin shiru game da sunan cikin gida: tana amsawa da cewa babu wannan suna, amsar da ake kira NXDOMAIN, kwamfutar kuma ta karɓe ta a matsayin hukunci, ta ajiye ta a ƙwaƙwalwarta, ba ta ƙara tambayar kowa ba sai lokacinta ya cika. Babu laifin Google ko Cloudflare a ciki, gaskiya suka faɗa gwargwadon abin da suka sani.

Na taɓa ganin wannan da idona a reshen wani kamfanin sayar da taki da iri, ranar kasuwa, manoma sun cika baranda da takardunsu a hannu. Mai karɓar kuɗi ya kira ni yana cewa, "Malam, reso yana nan, ga WhatsApp yana shiga, amma manhajar rasit ta ce ba ta ga saba ba." Kwamfutar da ke kusa da tasa, a kan tebur ɗaya da waya ɗaya, tana fitar da rasit ba tare da matsala ba. Da na buga adireshin sabar da lambobi, sai ta amsa nan da nan. Da na buga sunanta, sai aka ce babu. Abin da ya faru shi ne layin ya yi cunkoso na ƴan daƙiƙoƙi da safe, kwamfutarsa ta gaji da jiran Maraɗi ta tambayi sabar waje, ta kuma riƙe amsar. Umarnin ipconfig /flushdns ya warware ta a lokacin, amma washegari ta dawo a wata kwamfutar, kuma haka aka yi ta fama har sai da aka cire adireshin waje gaba ɗaya daga saitin DHCP, wato tsarin da ke raba wa kwamfutoci adireshi da sabobin da za su tambaya. Ƙa'idar da na riƙe tun daga nan ita ce: duk sabobin da aka rubuta wa kwamfuta dole ne su kasance masu ba da amsa iri ɗaya ga kowace tambaya.

Hanya ta biyu ita ce ke biyan bukatar da ta sa mutane yin wancan kuskure. Ana ajiye ɗan aike a cikin reshe, wato ƙaramar sabar da ba ta da kundi, ana kuma gaya mata cewa duk sunan da ya ƙare da kamfani.internal ta miƙa shi Maraɗi, sauran sunaye kuwa ta tambayo su kai tsaye ta intanet na reshen. Kwamfutoci ita kaɗai suke tambaya. A manhajar dnsmasq layi ɗaya ne ke yin wannan, server=/kamfani.internal/10.10.0.5, a Unbound na NLnet Labs ta ƙasar Holan ana rubuta shi a sashen forward-zone, a Windows kuwa miƙawa bisa sharaɗi tana nan tun daga Windows Server 2003. Sau da yawa ba a ma bukatar sabuwar na'ura, domin rauta irin ta MikroTik da ke cikin ofisoshi da yawa tana iya wannan aiki a nau'o'in RouterOS na baya-bayan nan. Amfanin a fili yake: idan VPN ya faɗi, imel da banki da sauran shafukan waje suna ci gaba da buɗewa, tambayar da mutum goma suka yi sau ɗaya take haye layi, kuma idan reshe yana da layi biyu, misali na kamfanin waya da na Starlink wanda ya fara aiki a Nijar a 2025, kwamfutoci ba su san an sauya ba.

Sai dai ɗan aike yana da iyaka, kuma iyakar tana da muhimmanci a ƙasarmu fiye da wasu wurare. Abin da ya tuna na sunayen cikin gida yana ƙarewa da ƙarewar TTL, kuma a Windows sunan da aka rubuta da hannu yakan zo da sa'a ɗaya, wanda kwamfuta ta yi wa kanta rajista kuwa minti 20. An samar da magani a 2020 a takardar RFC 8767, wadda ta yarda saba ta ba da tsohuwar amsa idan mai kundin bai samu ba. A Unbound ana kunna shi da serve-expired, a BIND, wata manhajar DNS, da stale-answer-enable. Wannan yana taimakawa ƙwarai, amma ƙwaƙwalwar da ake ajiye amsoshin a cikinta tana gogewa da ɗaukewar wuta. Idan layi ya yanke da azahar, wuta ta ɗauke da la'asar, ɗan aiken zai tashi bai san kowa ba, har na'urar buga takarda da ke ɗaki ɗaya da shi. Ana iya rubuta masa sunaye biyu ko uku na kayan reshen da hannu, kuma ina yin haka, amma da zarar sun wuce biyar an fara riƙe kundi biyu, kuma ba a jimawa sai sun saɓa wa juna. Wani abin lura kuma: ƙofa ta 53, wadda tambayoyin DNS suke shiga ta cikinta, kada ta buɗe ta ɓangaren intanet. A MikroTik, kunna karɓar tambayoyi daga wasu na'urori yana buɗe ta ta kowane ɓangare sai an toshe da dokar katanga, kuma sabar da aka bari haka ana amfani da ita wajen kai wa wasu hari, a cinye layin da kamfani yake biya da tsada.

Hanya ta uku ita ce a ba reshe cikakken kwafin kundin. Sabar reshe tana ɗauko shi daga cibiya, ta rubuta shi a faifai, ta riƙa amsawa da ikon mai kundi. Idan an canza wani abu, cibiya tana aika mata sanarwa, ita kuma ta ɗauko abin da ya canza kaɗai, bisa tsarin NOTIFY da IXFR da aka kafa a 1996, don haka nauyin a kan layi kaɗan ne. Tun da kwafin a faifai yake, ɗaukewar wuta ba ta goge shi. Amma akwai lamba ɗaya da ke ɓata wannan tsari idan ba a duba ta ba, wato wa'adin lalacewar kwafi da ke cikin bayanin SOA, wato bayanin farko mai ɗauke da ƙa'idojin kundin. A Windows ana samun sa a kwana ɗaya, bayan an sa sabuntawa kowane minti 15 da sake gwadawa kowane minti 10. Ma'anarsa, idan reshe ya kwana ɗaya cif bai ji daga Maraɗi ba, sabarsa za ta daina amsawa ko da kundin yana hannunta. Takardar RFC 1912 ta ba da shawarar mako biyu zuwa huɗu, kuma ga reshe irin na Dakoro, inda gyaran layi zai iya jiran mai gyara ya taso daga wani gari, ni mako biyu nake sawa. Dole ne kuma a taƙaita waɗanda aka yarda su ɗauki kwafi, da adireshi a Windows, da ƙarin mabuɗin sirri na TSIG a BIND, domin kundin taswirar dukan kayan kamfani ce. Ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, wadda ba ta cin wutar da ta kai ta fanka, ta isa wannan aiki, kuma batir da faifan hasken rana ɗaya suna riƙe ta tare da rauta.

Inda kamfani yake amfani da Active Directory, tsarin da ke riƙe da asusun ma'aikata da kalmomin sirrinsu, wanda Microsoft ta fito da shi tare da Windows 2000, maganar tana ƙara nauyi, saboda a can DNS shi ne hanyar da kwamfuta take gano sabar da za ta tantance kalmar sirrin ma'aikaci, ta bayanan da ake kira SRV. Kwafin kundi zai gaya wa kwamfutar reshe inda sabar take, amma ba zai kawo ta kusa ba. Idan layi ya yanke, ma'aikacin da ya taɓa shiga wannan kwamfutar zai iya shiga da bayanan da Windows ta ajiye, waɗanda bisa saitin asali na shiga goma ne na baya, amma zai iya kasa buɗe rumbun fayil da ke cikin reshen kansa, domin ba wanda zai ba shi tikitin Kerberos, wato shaidar izinin shiga da sabar tantancewa take bayarwa. Maganin shi ne a ajiye sabar tantancewa a reshen, kundin DNS kuma ya riƙa tafiya cikin kwafin Active Directory kansa. Tsakanin garuruwa ana yin wannan kwafi kowane minti 180 bisa saitin asali, ana iya rage shi zuwa minti 15, kuma sai an rubuta jerin adireshin kowane reshe a ƙarƙashin garinsa, in ba haka ba kwamfutar Tasawa tana iya barin sabar da ke gabanta ta je neman ta Damagaram.

Wannan ita ce hanya mafi ƙarfi, ita ce kuma mafi tsada da haɗari. Cikakkiyar sabar tantancewa tana ɗauke da kalmomin sirrin kamfani gaba ɗaya, kuma ajiye ta a bayan shago, a ɗakin da mai gadi da mai shara da masu dako suke shiga, abu ne da ban yarda da shi ba. Don irin wannan wuri aka samar da RODC a Windows Server 2008, sabar da ake karantawa kawai ba a rubutu a cikinta, wadda ba ta riƙe kalmar sirrin kowa sai waɗanda aka lissafa mata. Wannan kariyar tana da tarkonta: idan an kafa ta ba a sa ma'aikatan reshen da kwamfutocinsu a jerin ba, ranar da layi ya yanke ba za ta tantance kowa ba, an sayi na'ura da lasisi a banza. Sannan ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankokin na'ura, ga agogo, domin Kerberos ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti 5, kuma batirin agogon da ya mutu a na'urar da wuta ke yawan ɗauke mata yana jawo hakan. Reshen da ake rufewa bayan kaka ma sai an kula: sabar da ta zauna a kashe fiye da kwana 180, wanda shi ne wa'adin da aka saba samu a sababbin tsare-tsare, ba a yarda ta koma cikin kwafi ba, sai an rushe ta an sake kafawa. Wanda ke gudun kuɗin lasisi yana iya duba Samba, wadda tun nau'inta na 4.0 a 2012 take iya aikin sabar tantancewa a kan Linux, muddin yana da wanda ya iya riƙe ta.

Wata magana a gefe, wadda gyaranta daga baya yake da wahala: sunan da za a ba kundin. A guji ƙarshen .local, domin tun 2013 an keɓe shi ga wani tsari dabam da na'urorin Apple da Linux da na buga takarda suke amfani da shi wajen gano juna, kuma haɗa su yana jawo jinkiri marar dalili. Idan kamfani yana da sunansa mai rajista, a ƙarƙashin .ne ko .com, mafi kyau a yanki wani reshe na sunan don cikin gida. Idan babu, ICANN, hukumar da ke kula da sunayen intanet, ta keɓe .internal don wannan amfani a 2024.

Da Alhaji mai kamfani zai zaunar da ni ya ce in zaɓa masa, ga abin da zan ce. A cibiya a sa sabobi biyu, a kan na'urori biyu dabam, ba a kan batir ɗaya ba, domin biyun da ke mutuwa tare ɗaya ce. Ƙananan rassa irin ofishin kan iyaka na Ɗan Isa, waɗanda duk aikinsu a cibiya yake, a ba su ɗan aike a cikin rauta, mai miƙa sunayen gida Maraɗi, na waje kuma waje. Wannan ya fi tambayar cibiya kai tsaye, kuma kusan ba ya cin ko dala. Reshen da ke da kayansa na kansa da ake kira da suna, rumbun fayil ko sabar rasit ko kyamarori, a ba shi kwafin kundi da wa'adin mako biyu. RODC kuwa sai inda aka cika sharuɗɗa uku tare: ma'aikata masu yawa, aikin da dole ya ci gaba ba tare da Maraɗi ba, da ɗaki mai kulle da sanyi da wuta tsayayya. A kamfani mai rassa huɗu ko biyar, da wuya a sami fiye da ɗaya da ya cika su, kuma sau da yawa na Damagaram ne, mai nisan fiye da kilomita 200, inda ba a zuwa gyara a dawo kafin azahar. A reshen da ke da sabarsa, gurbin farko na kwamfutoci nata ne, na biyu na sabar cibiya, tun da amsarsu ɗaya ce.

Kowace hanya aka ɗauka, kada a karɓi aikin daga hannun mai kafawa sai an gwada shi a cikin reshen, a ranar da ba ta kasuwa ba. A zare wayar layin waje, a buga umarnin nslookup, mai tambayar DNS adireshin suna, da sunan sabar lissafi, da sunan na'urar buga takarda, a rubuta abin da ya fito. A mayar da wayar a kashe VPN kaɗai, a ga ko shafin banki yana buɗewa. Daga nan a sake zare layin, a kashe wutar ofishin gaba ɗaya har da batir, a jira minti biyar, a kunna, a sa ma'aikacin da bai taɓa zama a wata kwamfuta ba ya shiga cikinta ya fitar da rasit ɗaya.